Yadda Ake Kamu da Kayarwa a Faɗan Dungeons & Dragons

Da zarar faɗa ya kaure a teburin Dungeons & Dragons, sabon ɗan wasa abu ɗaya ya sani: ya zaro takobi, ya jefa dayis, ya zauna jiran layi ya sake zagayowa kansa. Alhali akwai dokar da ta ba shi dama ya kai hannu ya cafke abokin gaba, ya hana shi motsi, ya kai shi ƙasa, ko ya ja shi har inda wuta take ci. Tsofaffin 'yan wasa da yawa suna gudun wannan doka saboda wahalar da suka sha a bugun 2003, lokacin da kamu ɗaya sai an bi matakai huɗu kafin a san ko ya kamu. A bugu na biyar, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2014, an taƙaita ta sosai, ta koma jifa ɗaya daga kowane ɓangare.

Ga wanda bai taɓa zama a irin wannan tebur ba: mutum ɗaya ne jagoran wasa, shi ke ba da labari yana kuma motsa dodanni, sauran kowa yana riƙe da jarumi guda da aka rubuta ƙarfinsa da rauninsa a takarda. Dayis ne ke raba gardama idan an gwada wani abu mai haɗari. Ba a sa kuɗi, ba a cin kowa.

Tun yanzu ka sani cewa kamu ba ya rage wa maƙiyi ko ɗigon rai. Amfaninsa shi ne kai ke yanke inda zai tsaya, abokan tafiyarka kuma su ci gajiyar hakan. Duk dabarun da ke ƙasa a kan wannan suka ginu.

Kayan aiki

Takardar jaruminka, da fensir da abin gogewa. Dayis mai fuska 20, wanda ake rubutawa d20, guda biyu idan da hali, domin sau da yawa za ka jefa biyu lokaci guda. Sai ƙananan dayis na lissafin ɓarna: d4, d6, d8. Sai kwali ko babbar takarda da aka zana wa gidaje, kowane gida inci ɗaya, wanda a cikin wasa yake daidai da ƙafa 5. Murafen lemo masu launi daban-daban sun isa su wakilci jarumai da dodanni. Ka tanadi robali ko ɗan zare da za a zagaye murfin wanda aka kama, a kuma kifa murfin wanda ya faɗi, don kada a manta halin da kowa yake ciki. Dokokin kansu kyauta ne: kamfanin ya saki taƙaitaccen kundinsu a intanet, kuma babin faɗa yana ciki.

Idan babu d20, akwai manhajojin jefa dayis a waya. Idan ba a son waya a tebur, a ɗauki kati ashirin, baƙaƙe daga 1 zuwa 10, jajaye ma daga 1 zuwa 10, a ce ja ana ƙara masa goma, a riƙa cakuɗawa bayan kowane zaro. Ko a rubuta 1 zuwa 20 a 'yan takardu a zuba a hula. Kada dai a haɗa dayis ɗin ludo uku a ce sun tsaya a madadin d20. Su ukun 10 da 11 suka fi bayarwa, 3 da 18 sai an daɗe ba a gansu ba, kuma hakan yana lalata duk lissafin kamu, mai ƙarfi ya zama kusan ba ya faɗuwa.

Kafin a fara, tambayi jagora wace doka ake bi, ta 2014 ko wadda aka sabunta a 2024. Kamu na cikin abubuwan da suka fi sauyawa tsakaninsu. Matakan nan na 2014 ne, bambancin 2024 yana ƙarshe.

Mataki na 1: Gina jarumin da zai iya

Lamba ɗaya ce ke aiki a nan, wadda aka rubuta Athletics a takardarka. Tana fitowa ne daga makin ƙarfin jiki haɗe da makin ƙwarewa, idan ka zaɓi wannan fanni. Jarumi mai ƙarfi 16 a lebul na 1 yana da +3 na ƙarfi da +2 na ƙwarewa, jimla +5. A lebul na 5 da ƙarfi 18, ya zama +4 da +3, wato +7. Akasarin dodanni ba su da ƙwarewa a wannan fanni, ƙarfinsu kawai suke dogara da shi, shi ya sa tazarar take ƙara buɗewa yayin da kake hawa.

A cikin nau'o'in jarumai da ake zaɓa, a ganina Barbarian, mayaƙin da ke faɗa da fushi, shi ne sarkin wannan aiki. Idan ya shiga fushinsa yana samun fifiko a duk gwajin ƙarfi. Fifiko shi ne ka jefa d20 biyu ka ɗauki babba, kishiyarsa kuma tawaya, ka jefa biyu ka ɗauki ƙarami. Fushin kuma yana rage rabin ɓarnar sara da suka da duka, kuma mai kamu yana bukatar haka, tunda shi ne zai tsaya ƙirji da ƙirji da dodo. Fighter, wato horarren mayaƙi, shi ma ya dace saboda yawan hare-harensa. Wanda yake son ya kai abin maƙura zai iya ɗaukar lebul ɗaya na Rogue, jarumin sanɗa da wayo, don ya ninka makin ƙwarewarsa a Athletics, +7 ta koma +10, amma sai yana da zafin nama 13 ko fiye kafin doka ta yarda da haɗin.

Batun baiwa, wato iyawa ta musamman da ake zaɓa wa jarumi, ka kiyayi wadda ake kira Grappler a dokar 2014, duk da sunanta yana jan hankali. Fifikon da take bayarwa a kan wanda ka kama, kayarwa tana ba ka shi kyauta, kai da duk abokanka. Dannewar da take koyarwa kuwa ku biyun take ɗaurewa, kai ma ka zama abin sara. Tavern Brawler ta fi ta amfani, domin idan ka sami mutum da naushi ko da kujera, tana ba ka damar gwada kamu nan take da ƙarin aikinka, wato ƙaramin aikin da ake yi a layi ban da babban.

Mataki na 2: Zaɓi wanda za ka kama

A nan ake gane wanda ya iya. Girman halittu hawa shida ne, kuma ba za ka kama wanda ya ɗara ka da fiye da hawa ɗaya ba. Mutum matsakaici ne, don haka zai iya kama na girmansa, da duk na ƙasa da shi, da babba irin dodon nan Ogre ko doki. Ƙaton da ya wuce nan sai wani ya yi maka sihirin Enlarge, wanda ke ƙara maka hawa ɗaya na tsawon minti guda. Barbarian da ke cikin fushi ba ya iya yin sihiri ko riƙe shi, sai dai aboki ya yi masa.

Akwai waɗanda ba su kamuwa ko kaɗan: fatalwa, dodon iska, na ruwa, na wuta, da tarin ƙwari ko ɓeraye. Akwai kuma masu cutar da mai riƙe su, kamar shaiɗanin nan mai ƙayoyi da ke yi wa duk wanda ya rungume shi ɓarnar 1d10, wato jifa ɗaya na dayis mai fuska 10, a farkon kowane layin shaiɗanin. Idan jagora ya siffanta jiki mai tururi ko mai tsini, ka ji da kyau, gargaɗi ne yake yi maka.

Kada ka ɓata hari a kan ƙaramin maƙiyi. Goblin ransa 7 ne kacal, sara ɗaya mai kyau ya gama da shi, to mene ne na riƙe shi? Sai fa idan ana son a tsare shi da rai don a yi masa tambayoyi, domin gwanin zillewa ne. Waɗanda suka cancanci kamu su ne babban mai duka da ke neman isa ga matsafinku mai ƙaramin rai, maharbin da ke son ya ja baya ya yi harbi, shugaban 'yan fashi da ke shirin arcewa, da duk mai fiffike da ya sauko kusa. Mai tashi sama idan tafiyarsa ta koma sifili faɗowa yake yi, in ba irin mai shawagi a tsaye ba ne ko wanda sihiri ya riƙe.

Maharbi yana da daɗin kamu, domin duk mai harbi da maƙiyi ke tsaye dab da shi yana harbi da tawaya. Matsafi kuwa sai a yi hattara. Kamu ba ya hana shi sihiri, kuma da yawansu suna da sihirin Misty Step, wanda da baki kawai ake yin sa, ya ɓace daga hannunka ya ɓulla ƙafa 30 can gefe. Maganinsa sai wani abokinka ya sa sihirin Silence a wurin, kai kuma ka riƙe shi a cikin da'irar. Ba magana, ba fita.

Mataki na 3: Duba hannunka da tazararka

Sai da hannu ɗaya aƙalla wanda babu komai a cikinsa, kuma maƙiyin yana gidan da ke maƙwabtaka da naka. Wannan sharaɗi shi ne ya fi kama sababbi. Mai takobi da garkuwa ba shi da hannu, kuma cire garkuwa yana cin aikin layi guda cur. Mai babban gatari na hannu biyu zai iya sakin hannu ɗaya ya kama, amma ba zai sake sara da gatarin ba sai ya saki mutumin.

Mafi sauƙi shi ne makamin da ke aiki da hannu ɗaya ko biyu, kamar dogon takobi: 1d10 da hannu biyu kafin kamu, 1d8 da hannu ɗaya bayan kamu. Wanda ya fi son garkuwa zai iya barin makami gaba ɗaya, garkuwa a hagu, maƙiyi a dama, ya riƙa kai hauri da karo da ka, tunda doka ta lissafa su cikin dukan da ba makami. Ɓarnarsu kaɗan ce, 1 haɗe da makin ƙarfi, amma aikinka riƙewa ne.

Mataki na 4: Jifan kamu

Idan layi ya zo kanka, ka ce ka ɗauki aikin hari, kuma kana musanya hari ɗaya da kamu. Ka faɗi da bakinka yadda kake yi, misali ka shaƙo wuyan rigarsa ko ka rungumo ƙugunsa, don tebur ya ga abin. Sai ka jefa d20 ka ƙara Athletics ɗinka. Jagora zai jefa wa maƙiyin nasa, kuma maƙiyin ne ke zaɓar ko ya tare ka da ƙarfi, wato Athletics, ko ya zille da zafin nama, wato Acrobatics. Wanda jimlarsa ta fi yawa ya ci. Idan an yi kunnen doki, al'amari yana nan yadda yake, ma'ana ba ka kama shi ba. Wanda ya suma ko ya sandare kuwa ba sai an jefa ba, ya kamu.

Lura da abin da babu shi a wannan lissafi: sulke. Jarumin da ya lulluɓe jikinsa da ƙarfe har sara ba ya shigarsa, kamu bai san da sulkensa ba. Haka nan manyan dodanni masu ikon soke faɗuwarsu sau uku a yini a jifan tsira, wato jifan da ake yi don kauce wa sihiri ko wani haɗari, ikon nan ba ya aiki a nan, domin wannan gwajin iyawa ne.

Ga misali da lambobi. Kana da +7, Ogre yana da ƙarfi 19, wato +4, zafin namansa kuwa 8 ne, don haka ƙarfin zai zaɓa. Ka jefa 9, jimla 16. Jagora ya jefa 11, jimla 15. Ya kamu, a sa wa murfinsa robali. Idan aka lissafa duk yadda dayis biyun za su iya faɗowa, damarka a wannan karawa kusan 62 cikin ɗari ce. Da fifikon fushi tana haurawa kusan 78. Shi ya sa Barbarian zai fara shiga fushi da ƙarin aikinsa kafin ya miƙa hannu.

Kurakurai uku da ake yawan yi a nan. Samun 20 a dayis ba ya nufin an ci kai tsaye, sai an haɗa jimla an gwada. Ba a yin kamu a matsayin harin da ake kai wa mai wucewa ta gabanka, sai a cikin aikin harinka. Kuma wanda aka kama tafiyarsa kawai ta koma sifili. Hannuwansa suna nan, makaminsa yana nan, zai iya saranka ko ya sari na kusa da kai ba tare da wata tawaya ba. Ɗan wasan da ya ce ai na riƙe masa hannun takobi, sai jagora ya tuna masa dokar ba ta ba da wannan ba.

Mataki na 5: Kai shi ƙasa

A filin kokawar gargajiya, da mutum ya kai ƙasa an tashi wasa, makaɗa su ɗauki kirari. A wannan tebur kuwa faɗuwar ce farkon cin riba, muddin ka riga ka riƙe shi.

Hankaɗa doka ce 'yar'uwar kamu. Jifa iri ɗaya, sharaɗin girma iri ɗaya, ita ma tana cin hari ɗaya, sai dai ba ta bukatar hannu a sake. Idan ka ci, ka zaɓa: ka ture shi ƙafa 5 baya, ko ka kayar da shi. A kan wanda kake riƙe da shi kayarwa za ka zaɓa, domin turewa za ta fitar da shi daga hannunka.

Wanda ke kwance yana kai hari da tawaya, kuma duk wanda ke tsaye cikin ƙafa 5 da shi yana saransa da fifiko. A ka'ida wannan ba ya daɗewa, domin da layinsa ya zo zai kashe rabin tafiyarsa ya miƙe. To amma doka ta ce mai tafiya sifili ba ya iya miƙewa, kuma kamunka ya mayar da tafiyarsa sifili. Ka ga ke nan ya maƙale. Ko ya ci gaba da kai hari daga kwance da tawaya ana ta dukansa, ko ya sadaukar da aikin layinsa gaba ɗaya wajen ƙwatar kansa. Dodon da ke kai hari uku a layi guda, idan ya zaɓi ƙwatar kai, ukun duka sun tafi. Ogren nan na misalinmu, idan kana cikin fushi, damarsa ta kuɓucewa ba ta kai ɗaya cikin biyar ba, tunda yanzu kunnen doki naka ne.

Daga lebul na 5, lokacin da mayaƙa ke samun hari biyu, za ka iya haɗa su a layi ɗaya: na farko kamu, na biyu kayarwa. Kafin nan sai ka raba su layi biyu, ko wani abokinka ya yi kayarwar.

Wanne ake fara yi? Ni kamu nake sa wa gaba. Idan kamun ya ci amma kayarwa ba ta ci ba, har yanzu mutumin yana hannunka, za ka sake gwadawa. Idan ka fara da kayarwa kamu ya faɗi, zai miƙe abinsa kamar ba a yi ba. Kuma kwanciyarsa ba ta ba ka fifiko a jifan kamu, domin fifikon na hari ne kawai. Akwai lokaci guda da nake juya tsarin: idan jerin layi ya nuna abokanka biyu ko uku masu takobi za su yi wasa kafin layin maƙiyin ya zo. A nan ko kamun bai ci ba, sun riga sun more faɗuwarsa. Don haka ka riƙa kallon jerin layi kafin ka yanke.

Babban gargaɗin wannan mataki ya shafi abokanka. Wanda ke kai hari daga nesa da ƙafa 5 a kan mutumin da ke kwance, tawaya yake samu. Idan tawagarku maharba ne da masu jifan sihiri daga nesa, kayarwarka cutarsu za ta yi. Ka tambaye su kafin a shiga faɗa. A irin wannan tawaga, riƙewa a tsaye ta wadatar. Idan kuwa akwai Rogue mai wuƙa ko Paladin, mayaƙi mai rantsuwa, a kusa, kayar musu, domin fifiko yana kusan ninka damar samun 20, wanda a hari shi ne mummunan sara mai ninka dayis ɗin ɓarna, kuma su ne suka fi kowa cin ribarsa.

Mataki na 6: Ja shi inda kake so

Za ka iya tafiya da wanda ka kama, amma tafiyarka ta ragu da rabi, sai idan ka fi shi girma da hawa biyu. Mai ƙafa 30 zai yi 15, gida uku ke nan. Gida ukun nan suna da yawa idan ka san filin. Tun jagora yana zana taswira ka fara neman bakin rami, gefen gada, taga, murhu, ruwa. Faɗowa tana cin 1d6 a kowace ƙafa 10, har zuwa 20d6. Ka ja shi bakin gaɓa, ka sake shi, wanda ba ya cin komai, ka hankaɗa shi da harin da ya rage maka.

Da matsafi a tawaga abin ya fi armashi. Sihirin Spike Growth yana cika fili da ƙayoyi, duk ƙafa 5 da aka yi a ciki 2d4 ce. Kai kana tafiya ta wajen da'irar, shi kana jansa ta ciki, gida uku sun zama 6d4, kusan 15 a matsakaici, kowane layi, ba tare da ka taɓa harinka ba. Sihirin Spirit Guardians na Cleric, wato malamin addinin tawaga, yana cin duk maƙiyin da ya fara layinsa a cikinsa 3d8, rabi idan ya tsira, kuma wanda ka riƙe ba shi da hanyar fita. Tun kafin zama ka yi magana da jagora a kan wannan, domin dokar ba ta fayyace gidan da wanda ake ja zai kasance ba, ko bayanka ko gefenka. Wasu jagorori kuma suna duba nauyi, su ce ba za ka ja abin da ya fi ƙarfinka sau 30 a ma'aunin fam ba. Gara a daidaita da wuri da a tsaya musu ana tsakiyar faɗa.

Kada ka ja maƙiyi ta gaban abokanka da tunanin za su samu harin mai wucewa. Wanda aka ja da ƙarfi ba ya jawo wannan hari. Kai da ke tafiya da ƙafarka kuwa kana jawo shi, idan ka fita daga gaban wani maƙiyin daban.

Mataki na 7: Riƙe abin da ka kama

Ba a sake jifa kowane layi. Riƙon yana nan har sai ɗayan abu huɗu ya faru: ka sake shi da kanka, ya ci ka a jifan ƙwatar kai, an sumar da kai ko an sandarar da kai, ko wani abu ya raba ku da ƙarfi, kamar sihirin Thunderwave da ke wurgi da mutum ƙafa 10. Wannan na ƙarshe sau da yawa daga abokai yake zuwa, don haka ka gaya wa matsafinku kada ya ture wanda ka sha wahalar kamawa.

Barbarian ya tuna fushinsa yana mutuwa idan layinsa ya ƙare bai kai hari ba kuma ba a taɓa shi ba tun layin baya. Ko hannuwanka biyu suna riƙe da mutum biyu, wanda doka ta yarda, ka kai hauri ɗaya don fushin ya ci gaba.

Mataki na 8: Idan kai aka kama

Dodanni ba sa bin hanyarka. Da yawansu cizo ko naɗewa kawai za su yi, in ya same ka ka kamu, kuma an rubuta lambar da za ka kai kafin ka kuɓuta. Ta kada 12 ce, kuma riƙonsa ya fi naka muni, domin ɗaurewa ce: harinka da tawaya, harin da ake kawo maka da fifiko. Idan kuma a bakin kogi ne zai ja ka ciki.

Hanyar da kowa ya sani ita ce ka kashe aikinka ka jefa Athletics ko Acrobatics, wanda ya fi yawa. Kafin ka yi haka ka tambayi kanka ko kana ma bukatar kuɓuta. Mayaƙin da dama wurin yake son tsayawa, kuma riƙo ne kawai ba ɗaurewa ba, ya ci gaba da sara. Idan dole ne ka fita kuma kana da hari biyu, gwada hankaɗa mai riƙe da kai ƙafa 5. In hannunsa bai wuce nan ba riƙon ya warware, kuma hari ɗaya kawai ka kashe. Aboki ma zai iya yi maka wannan turewar, ko ya taimaka maka ka samu fifiko. Matsafi ya ajiye Misty Step domin irin wannan rana, sihirin Freedom of Movement kuma yana sa ka zame daga riƙo da kashe ƙafa 5 na tafiya kawai.

Idan dokar 2024 ake bi

An cire karawar dayis biyu. Kamu da hankaɗa sun koma zaɓi a cikin dukan da ba makami, kuma kai ba ka jefa komai. Kana da lamba tsayayya: 8, haɗe da makin ƙarfi, haɗe da makin ƙwarewa. Maƙiyi ne zai yi jifan tsira da ƙarfi ko zafin nama, wanda ya ga dama. Jarumin misalinmu lambarsa 15, Ogre mai +4 yana bukatar 11, ke nan rabi da rabi. Lambar nan ce kuma zai nema da Athletics ko Acrobatics idan yana son ƙwatar kansa daga baya.

Wannan ya rage wa masu kamu kaifi ta wani ɓangare. Fushin Barbarian da ninkin ƙwarewar Rogue ba sa ƙara wa lambar komai, kuma manyan dodanni za su iya soke faɗuwarsu. Ta wani ɓangaren kuma an ƙara musu. Wanda aka kama yanzu yana da tawaya idan ya kai wa wani hari ban da mai riƙe da shi, wanda ya sa kamu ya zama hanyar kare raunanan tawaga ko ba a kayar ba. Ana iya cafke mai wucewa ta gabanka. Monk, gwanin faɗa da hannu, yana lissafa lambarsa da zafin nama maimakon ƙarfi. Baiwar Grappler ma an gyara ta: daga lebul na 4, sau ɗaya a layi naushinka zai yi ɓarna ya kuma yi kamu tare, kuma jan wanda bai fi ka girma ba ba ya rage maka tafiya. A wannan doka ta cancanci ɗauka.

Haɗin kamu da kayarwa yana nan daram a dokokin biyu, haka ma sharaɗin hannu da na girma. Idan teburinku ya haɗa masu tsohon littafi da masu sabo, ku zaɓi ɗaya ku rubuta dokar kamunsa a ƙaramin kati, layi biyar ko shida, ku ajiye a tsakiyar tebur kusa da dayis inda kowa zai iya miƙa hannu ya duba.